Karatun Fulogi

Ranar Talata Dogara ya shigo Kurmin Mashi,
motarsa na tari kamar tsoho da asuba,
jan taɓon Kaciya har saman gilashi,
ƙamshin citta na biye da ita.
Ya ce, "Barau, wata uku, sau uku ina canja fulogi.
Ko maye ne ya tare a injin nan?"

Maigidana bai tanka ba.
Ya miƙo hannu, na ɗora masa sufana.
Ya kwance na farko, ya ɗaga shi ga rana
yadda ake duba ƙwai kafin a biya.
Baƙi ƙirin, kunkunniya har wuya,
busasshiya, tana zuba a yatsa.

"Ina kake bi da ita?"
"Gona zuwa gona. Giya ɗaya, giya biyu,
rafi, rami, kwazazzabo.
Wani sa'in in bar ta tana gunaguni
har a gama ɗora buhu ashirin."
"Wa ya ba ka waɗannan?"
"Wani yaro a Fanteka.
Ya ce babbar mota sai mai sanyi."

Barau ya yi dariyar da ba ta kai ido ba.
Ya ce da ni, "Mati, matso.
Ka ga farin tangaran ɗin nan na tsakiya?
Hancinsa ke nan.
Mai gajeren hanci ba ya riƙon zafi,
da ya karɓa ya miƙa wa ƙarfe, ƙarfe ya miƙa wa ruwa.
Na masu gudu ne a kwalta,
waɗanda injinsu ke kururuwa daga nan har Zariya.
Mai dogon hanci kuwa marowaci ne,
yana ɓoye zafinsa,
da shi yake ƙone dauɗar kansa.
Motar da ke rarrafe ba ta ɗumama gajere.
Sai ya kwanta cikin hayaƙi, tartsatsi ya mutu."

Ni da karambani na ruga shago,
na dawo da mafi zafi a kan kanta.
Ya karɓa, ya juya shi, ya mayar mini a tafi.
"Daji kaɗai ka ji ya faɗa.
To wa zai fito masa da cittar kasuwa?
In ya hau titi da lodi, rana tsaka,
wannan zai yi ja kamar garwashi,
ya kunna mai tun lokaci bai yi ba,
ya huda fistin kamar gara a azara.
Mai sanyi ya ɓata maka yini.
Mai zafi ya cinye maka damina.
Taki ɗaya ake hawa, ba tsalle.
Kuma kar lamba ta ruɗe ka:
wani kamfani in ta hau sanyi ne,
wani in ta hau wuta ce."

Bai ɗaura ba sai da ya buɗe matatar iska,
ya karkaɗe rabin ƙasar Kaciya a ƙafafuna.
"Fulogi shaida ne," in ji shi,
"ba kullum ne shi ɓarawon ba."

La'asar sakaliya muka fita gwaji,
bayan Mando, inda kwalta ke sallama.
Muka rarrafa, muka taka, muka sake rarrafawa.
Ya kashe ta nan take, a gefen wata gonar masara,
ya kwance ɗaya da tsumma, yana hurawa.

Ba baƙi ba. Ba fari ba.
Launin gyaɗa da aka sauke daga kasko a kan kari.

Dogara ya leƙo, bai ga komai ba.
Ya biya, ya ƙara da ƙullin citta.
Tsofaffin huɗun suna nan cikin gwangwanin madara
a ƙarƙashin bencina.
Wani lokaci in aiki ya yi sauƙi
nakan ɗauko ɗaya, in ɗaga shi ga rana,
ina koyon baƙi.